Tulun Zumunta da Kunun Ƙanena

Ni ce mai buga tulu a zumuntar matan majami'armu tun gashina na baƙi. In mata na waƙa, tafin hannuna a bakin tulun nan suke bi. Ba yabon kai ba ne, a tambaya.

Shekarar da ɓarin jikin ƙanena ya shanye, na ɗauko shi a amalanke daga bakin tabki na kawo shi ɗakina. Masunci ne, Musulmi, matarsa ta rasu, ɗiyansa na Najeriya wajen nema. Azumi ya kama. Liman da kansa ya ce masa an ɗauke wa marar lafiya, ya ƙi. Taurin kai gadonmu ne.

Ranar farko na dama fura da rana ina sha, sai na ga idonsa na bin ludayin, daga ƙwarya zuwa bakina. Na rufe ƙwaryar. Tun daga nan ban ƙara sa komi a baki da rana ba, sai ya sha ruwa. Da la'asar kuwa, lokacin da mata ke koyon waƙar babban taron Maradi, ni ina gindin murhu ina dama masa kunun tsamiya.

Wata rana sai ga uwar zumunta, shugabar matan, yarinyar da na goya da bayana. Na kawo mata ruwa. Ta duba leɓena da ya bushe.

"Inna, azuminsu kike yi? Ana cewa kin koma addininsu."

"Wa ke cewa? Ta zo nan ta faɗa."

"To ki sha ruwan nan in gani, in je in rufe musu baki. In ba haka ba, wata za a ba tulun."

Ƙanena daga kan tabarma, da karkataccen bakinsa, ya ce, "Yaya, sha mana. Ni ban sa ki ba."

"Kai, yi mana shiru, ba da kai ake ba."

Na juya wajenta. "Ɗiyata, da tsufana na koyi karatu, da yatsa nake bin baƙi, amma na ga inda Almasihu ya yi zancen ƙin kai. Ban ga inda ya ce a kwankwaɗi ruwa a gaban mai ƙishi don mata su bar gulma ba." Na shiga ɗaki na ɗauko tulun, har da gammonsa, na ɗora mata a ka.

Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ranar taron ina ji motarsu ta wuce suna waƙa, wata na jibgar tuluna kamar mai sussukar gero. Na zauna na yi kukana, sannan na tashi na tace tsamiya.

Har yau ba su maido mini ba, ni kuma ban roƙa ba. Ran Lahadi layin gaba nake zama, in riƙa buga cinyata. Mai kunne ya san wadda mata ke bi.