Mai Bin Bayan Shanu

A karar shanu ta Bawku da ke arewacin Gana kowa tozo da haƙora yake dubawa, ban da wani dattijo Bakusase, ɗan asalin ƙasar. Shi abin da shanu suka kasayar yake bi. Tun hantsi Hudu dillali ke lura da shi: siriri, ƙafa duk kaushi, kwando a ka, ya kasa tsayawa wuri guda. Ya kutsa nan, ya ɓulla can, ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas, ya ja tsaki. In ya tsinci busasshen kashin shanu sai ya murtsuke shi a tafin hannu, ya sansana, sannan ya jefa a kwando.

Hudu na raya wa ransa cewa annoba ce ta share wa mutumin nan garke, ta bar shi da gajiyayyiyar gonar gero da bakuna rututu, ga shuka ta ƙarato.

"Baba, kauce mana, Kumasi za a kora su yanzu!"

Dattijon ko ɗagowa bai yi ba.

"Ku kai musu naman, ɗana. Amma ciyawar ƙasarmu suka ci, ita kam a nan za ta zauna."