Ruwan da Na Ba 'Ya'yan Agwagwar Baba

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru ina 'yar shekara sha takwas, haifaffiyar Jidda, muna zaune a unguwar Mahjar cikin gidan katako mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Ina aikin guga a gidan wasu mutane a Bagdadiyya, kuma a lokacin ji nake duk layinmu ba wanda ya kai ni wayewa. Komai nawa sauri ne, yalla yalla. Idan Baba ya fara labarin garinsu na bakin kogi a Sudan, sai in ce to, in sulale. Ni ban taɓa ganin kogi ba. Ruwa a garwa na san shi, don zamanin famfo bai shigo gidajenmu ba. Kowane gida ruwa biyu gare shi: na daɗi daga bazan, wato famfon unguwa da ake yi wa layi, shi ake sha a yi girki da shi, sai na wata rijiya a bayan gidajenmu mai zartsi, na wanki da yayyafa ƙasa. Ɗebo duka biyun aikina ne, don ni kaɗai na rage gaban iyayena.

Baba ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Wata rana tarin buhuna ya rufto masa a baya, aka kawo mana shi a kan katako. Bayan watanni likita ya ce ƙashi ya ɗinke, abin da ya rage shi ne tafiya, kullum ya tashi ya taka da sanda, in ba haka ba ƙafafun za su sandare. Baba ya ƙi. Yana kwance kan tabarma fuskarsa a bango. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, sai ya ce ya taka zuwa ina, daga bango zuwa bango kamar ɗan kurkuku?

Muna da maƙwabciya tsohuwa 'yar garinsu, Gwaggo muke ce mata, abokiyar wasansa ce tun suna yara. Ita ce ta shigo wata safiya da agwagwa a hammata da kwandon ƙwanta a hannu, ta ce kuliyoyi sun hana ta kiwo, Baba ya riƙe mata, in an ƙyanƙyashe su raba. Ta ce tunda ya zama kaza mai kwanci, ga abokiyar hira ta kawo masa, su yi kwancin tare a ga wanda zai riga fashe ƙwai. Baba ya ce ta kwashe tsiyarta, tsohuwar da ba ta iya bambanta toro da mace ba ita za ta koya masa agwagwa? Gwaggo ta saki tsuntsuwar a tsakar gida ta yi tafiyarta. Kwana biyu yana kallon Inna tana ajiye kwandon ƙwai inda rana ke duka. Ran na uku ya kasa haƙuri, ya ce a miƙo masa sanda.

Kwana talatin da biyar agwagwa ke kan ƙwai, kuma a kwanakin nan na ga uban da na manta ina da shi. Ya ɓaɓɓalle akwatunan shayi ya haɗa akurki, ya sa masa raga saboda kuliyoyi da hankaki, ya rufa buhu a sama yana jiƙa shi da rana ta take. Da ƙafarsa ya je wurin kafinta a ƙarshen layi ya roƙo garin katako na shimfiɗa. Ya samo kasko marar zurfi ya zuba tsakuwa a ciki, ya ce ɗan agwagwa sabon ƙyanƙyasa baki kawai zai tsoma, in ya shiga ya jiƙe sanyi ya kama shi. Daga wurin kafinta sai masallaci. Ranar da aka ƙyanƙyashe sha ɗaya, rawaya-rawaya kamar an tsoma auduga a kurkum, ya sa Inna ta dafa ƙwai ya murmushe musu da hannunsa, yana kiran su mahajjata saboda yadda suke turereniya a bakin kasko. Ni abu ɗaya ya ce mini: ya binti, 'yata, ruwansu daga randa, inda muke sha.

Wanda bai taɓa kiwon su ba bai san ɓarnar ruwan 'ya'yan agwagwa ba. Su cika baki da dusa su je su wanke a kasko, kafin ka juya ruwan ya zama kunu. Sau biyar, sau shida Baba ke sauyawa, ga jiƙa dusa, ga uwar. Aka ware musu garwa guda da nake cikawa kafin in fita. Layin bazan da nake yi sau ɗaya ya koma sau biyu, har uwar ɗakina ta fara tambaya ko na sake wurin aiki ne. Sai na ce a raina, agwagwar da ke shan ruwan kwata ita ce za a zaɓa wa ruwa? Na fara haɗa musu da na rijiya, rabi da rabi. Ban ga komai ba. Na koma cika garwar daga rijiya gaba ɗaya, halas, shi ke nan, na huta. Uwar tana sha tana kaɗa wutsiya, na ce ga shaida.

Kwana uku sai suka fara shan ruwa kamar an aiko su, ba sa barin bakin kasko. Baba har dariya ya yi, ya ce 'yan Jidda ne, sun san darajarsa. Yana ƙara musu, daga garwata. Sai zawo. Sai ƙafa ta saki, ɗaya ya zauna ya kasa tashi yana buɗe baki. Da safe biyu sun mutu, washegari uku. Baba ya sauya dusa, ya ƙone shimfiɗa, ya matsar da akurki, ya ɗauki marasa lafiyar ya sa cikin hularsa a kan cinya yana ɗiga musu ruwa da yatsa. Ruwan nan dai. Wallahi a lokacin ban haɗa ba, ko kuwa ban so in haɗa ba, har yau ban san wanne ne ba.

Saura uku da rai Gwaggo ta zo. Ba ta yi tsokana ba ranar. Ta ɗaga ɗaya ta juya shi, ta ce wannan irin mutuwar zartsi ce, ta taɓa gani, wane ruwa ake ba su? Baba ya ce ta daina ma wannan zancen, ruwan bazan ne, 'yarsa sau biyu take layi kafin ta tafi aiki, ko namiji ba zai yi abin da take yi ba. Ina tsaye da mayafi a hannu, garwar tana kusa da ƙafata. Da Gwaggo ta tsoma yatsa ta lasa da magana ta ƙare, amma wa zai ƙaryata uba a kan 'yarsa a cikin gidansa? Ta ce to Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni kuwa na ce na makara, na fita. Da na dawo na zubar da ruwan a ɓoye na ɗauraye garwar na cika da na randa. Biyu suka rayu. Na ce wa kaina ai na gyara.

Ban gyara komai ba. Tunda ba ruwa ba ne, Baba ya yanke cewa shi ne. Na ji yana gaya wa Inna cewa yana yaro garken agwagi guda yake korawa kogi ba ya rasa ko ɗaya, yanzu ga shi abin da bai kai tafin hannu ba ya gagare shi, buhunan nan ba baya kaɗai suka karya ba. Ya sa aka mayar wa Gwaggo uwar da 'ya'yan biyu, ya ce ba ya son kasonsa. Ya koma tabarma. Kullum da safe in ce yau zan faɗa, sai in tuna yadda ya yabe ni gaban Gwaggo, sai in ce bari ya ɗan huce. Sanda tana jingine a bango, Inna tana share ƙasa tana zagaye ta.

Wata huɗu na yi a haka. Ranar da na faɗa, ina matsa masa ƙafa ne na ji ta kamar itace, ba ta lanƙwasuwa. Na gaya masa duka, tun daga rabi da rabi. Sai ya tambaye ni garwa nawa nake ɗauka a rana. Na ce shida. Ya ce shi yana zaune yana ta a kawo ruwa, a kawo ruwa, kamar har yanzu kogi na bayan gida, bai taɓa tambayar wuyan wa yake hawa ba, in yafe masa. Ni na zo neman gafara, shi ya riga ni. Sannan ya ce ashe hannunsa lafiya lau, ya ɗaga shi yana kallo, ya ce in ɗauko sanda. Na ɗauko. Ni da Inna muka kama shi ta hammata, muka ɗaga, muka sake ɗagawa. Ƙafar ba ta ɗauke shi ba. Ya rayu shekaru bayan nan, yana hira yana dariya, amma bai ƙara zuwa masallaci da ƙafarsa ba.

Ban ce ni na karya masa baya ba, kuma likita bai taɓa cewa da ya ci gaba da tafiya lalle zai warke ba. Amma na ga mutumin da ya kai ƙarshen layi, na kuma ga dalilin da ya sa ya daina. Masu kiwo, ruwan da ba za ku iya sha ba kada ku ba sabon ƙyanƙyasa, ko da uwar tana sha. In aiki ya fi ƙarfinku ku faɗa, da na ce Baba na gaji da mun sami dabara. Abin da ya fi komai kuma, in kun ga babba yana ɗora wa kansa laifin da ku kuka yi, ku buɗe baki a ranar, kunya ba ta kashe kowa. Agwagi tara sun tafi a sati ɗaya, wannan gishiri ne. Wata huɗun da Baba ya yi a kwance, wannan ni ce.