Ragon Ruwa Mai Ƙwai

Mahaifina ya zo wurina a Landover, kusa da Washington, don magani, kuma tun ranar da ya sauka bai ɓoye mini cewa garin bai yi masa ba. Likita ya ce ciwon daji ne a mararsa, amma an gano shi da wuri. Za a yi masa gashi da na'ura sau biyar a mako har mako takwas, kuma idan aka fara ba a katsewa. Sau uku na fassara masa wannan a gaban likitan. Ya ce ya ji. Ni kuwa na san halin Baba, yakan ce ya ji ne don a ƙyale shi.

Masunci ne, ɗan Sarkin Ruwa, daga wani ƙauye kusa da Yawuri. Mutumin da ya fi shekara saba'in yana buɗe ido ya ga kogin Kwara, sai ga shi a hawa na uku, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Da safe in kai shi asibiti, in dawo da shi, in kama jirgin ƙasa zuwa unguwar Southwest inda nake aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Da yamma in tarar da tuwon da na bari yana nan yadda yake. A mako na biyu ya ce da ni, "Uwata, idan mutuwa ce, can ma tana zuwa. Ki mayar da ni." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma ya san in ya faɗi haka jikina yakan yi sanyi.

Wani maƙwabcinmu direba, mutumin Gaya, shi ya ba ni shawara. Ya ce akwai wani wuri a kogin Patuxent, tafiyar rabin awa, hukuma ta killace shi amma an yarda a yi kamun kifi da fatsa idan da lasin. Na yankar wa Baba lasin, na sayi sanda da ƙugiya, ran Asabar muka tafi.

Kai, ban san akwai irin wannan wuri kusa da cunkoson Washington ba. Fadama ce shimfiɗe, ciyawa iyakar gani, ga zalɓe a tsaye a ruwa, ga wata gadar katako da ta miƙe cikin kogin. Baba ya gangara wajen kogin. Ya cire takalmansa ya ajiye a bakin ruwa, ya tsuguna ya ɗebo da hannu ya ɗanɗana, ya tofar. Muka hau gadar muka zauna. Da muka sauko bayan la'asar babu takalmi babu alamarsa, ruwa ya rufe wurin. Ya ce, "Ikon Allah! An yi ruwan sama ne a can saman kogin?" Na ce a'a, nan kogin kusa da teku yake, kullum sau biyu yana cika, sau biyu yana janyewa. A wurinmu kogi lokacinsa yake jira a shekara kafin ya kawo. Ya koma mota da safa yana dariya, ranar kuma ya cinye tuwonsa tas. Daga nan kowace Juma'a sai ya sa na duba masa a waya ƙarfe nawa ruwa zai cika gobe.

A gadar muka saba da wani dattijo baƙar fata ɗan ƙasar, sa'an Baba, kullum da kujerarsa mai naɗewa da kular ƙanƙara. Ba sa jin yaren juna, ni ce a tsakani. A bakinsa na ji tarihin wurin. Ya ce kogin yana gangarawa ne har babban ruwan Chesapeake, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri. Kakansa da ubansa kawa suke ɗebowa a can ƙasa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, shi ma a jirgin kawa ya yi ƙuruciyarsa. A da, in ji shi, kawa ta yi yawan da mutane suka riƙa harbin juna a kan ruwa saboda ita. Aka yi ta kwasa, cuta ta zo ta ƙarasa sauran, gonaki da sababbin unguwanni suka riƙa zubo ƙazantarsu. Da ruwa ya lalace sai hukuma ta rufe wurare da yawa ta ce a bar kawa ta farfaɗo. A nan ne muryarsa ke tashi. Ya ce masu manyan gidaje a bakin ruwa suna nan suna zuba wa ciyawarsu taki yana gangarowa cikin ruwa, su kuwa masu jirgi aka ce su ɗaure jiragensu.

Akwai kuma wata ma'aikaciyar gandun da aka killace ɗin, Baturiya mai hular malafa, da takan biyo ta gadar. Ita cewa take da ba a killace fadamar ba, da tuni an haƙe yashinta an yi gidaje, da shi kansa dattijon bai sami inda zai kafa kujerarsa ba. Kusan kowace Asabar sai sun taɓa wannan gardama, a ƙarshe ya miƙa mata gyaɗa ta karɓa.

Baba ya saurari duka biyun ta bakina. Rufe ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ya ce mahaifinsa yakan rufe tafki wata da watanni, ko komar kamun kifi ba mai jefawa sai ranar da aka buɗe shi. Ya ce in gaya wa matar ta yi daidai. Sannan ya ce in gaya wa dattijon shi ma yana da gaskiya, don a wurinmu wanda ya rufe ruwa daga ruwan yake ci, idan an ji yunwa tare ake ji. Na faɗa musu, kowa ya ɗauki rabinsa ya ji daɗi.

A ƙarshen mako na biyar abin ya faru. Sandar Baba ta lanƙwashe, ya yi ta fama, ni da dattijon muka taya shi jawo wani ƙaton kifi mai gashin baki, launinsa toka-toka. Mun saba kama ƙananansu, Baba ya sa musu ragon ruwa don sun yi kama da namu. Wannan kuwa ya kai tsawon hannuna har kafaɗa. Dattijon har ya buɗe kula. Baba ya durƙusa, ya shafa cikinsa, ya ɗan danna da yatsa. Ya ce, "Mace ce, tana da ƙwai." Ya zare ƙugiyar a hankali, ya yi bisimilla, ya tura ta cikin ruwa.

Na san wannan tun ina ƙarama. Ranar da kakana ya fara ba Baba jirgi, ya riƙe hannunsa ya sa shi ya yi alkawari ba zai taɓa kashe mai ƙwai ba. Ko a shekarun da aka datse Kwara, ruwa ya cinye tsohon ƙauyensu, abinci ya yi wuya, bai saɓa ba. Har raina na ji daɗi, na ce yau Turawan gandu za su ga mai kula da ruwa na gaske.

Ashe ba haka ba. Dattijon ya miƙe yana ɗaga hannu, yana faɗa kamar an ƙona masa gida. Ma'aikaciyar ta ƙaraso, ta ji abin da ya faru, ta dafe kai. Ta yi mini bayani a natse. Wannan kifin ba ɗan kogin ba ne. Shekarun baya aka kawo irinsa daga nesa aka zuba a wasu koguna don masu kamun nishaɗi, ya yaɗu ko'ina, yana cinye ƙaguwa da 'ya'yan kifin wurin. Ta ce ba doka ya karya ba, amma roƙonsu shi ne duk wanda ya kama kada ya mayar, musamman manyan mata. Ranar ce kawai na ga bakinsu ya zo ɗaya ita da dattijon, kuma a kan mahaifina.

Baba ya ce, "Me suke cewa?" Da ina da wayo da na sassauta. Amma raina ya ɓaci da ihun da aka yi masa, sai na faɗa masa yadda aka faɗa, har da kalmar da dattijon ya yi ta maimaitawa, cewa ya cuci kogin. Ya naɗe zarensa.

A mota ya ce, "Ni na cuci ruwa? Ruwan da ake so a kashe mai ƙwai ba wurin zamana ba ne. Ki saya mini tikiti." Na ce saura mako uku fa, Baba. Ya ce ya ji. Na roƙe shi, na kira ƙanena a waya ya roƙe shi, direban nan na Gaya ya hau sama ya durƙusa masa. Ni ɗin ma 'yarsa ce, zuciyar iri ɗaya ce. Ran Talata na ce to, tunda kifi ya fi masa mu, shi ke nan. Na sayi tikitin Larabar mako mai zuwa, na ajiye masa takardar a kan darduma, na shiga banɗaki na yi kukana. Tsoro nake ji, wallahi. Likita ya riga ya gaya mini abin da katsewar za ta jawo.

Ran Juma'a ya ce in kai shi gobe ya yi wa ruwa sallama, ya kuma yi wa dattijon, don ba a rabuwa da fushi. Da na ga dama da na ƙi, amma na kai shi.

Dattijon na ganinmu ya miƙe ya cire hula. Ya ce in gaya wa Baba bai kyauta ba da ya ɗaga masa murya. Sannan ya yafito shi, ya ciro wani ragon ruwa da ya kama da safe, ya shimfiɗa a kan katako ya farke cikinsa. Bai ce in fassara komai ba. Ya buɗe tumbin da bakin wuƙa. 'Yan ƙaguwa ne a ciki, ƙanana kamar farcen babban yatsa, wasu ko narkewa ba su yi ba, da 'yan kifaye sirara. Baba ya tsuguna ya riƙa tsamo su ɗaya-ɗaya yana jerawa a kan katakon. Ya daɗe yana kallonsu. Can ya ce, "Waɗannan ko yaye ba su kai ba."

Ya karɓi sandarsa daga hannuna, wadda na kawo ba tare da ya ce in kawo ba, ya sa tsutsa ya jefa. Muka zauna. Ruwa na janyewa, laka na fitowa, zalɓe biyu suka sauka a can gefe. Har na fara tunanin jakunkunan da zan haɗa masa, sai sandar ta lanƙwashe.

Ba ta kai waccan girma ba, amma tun kafin ya taɓa ta na ga cikin a kumbure. Ya durƙusa, ya shafa, ya danna. Dattijon ya kau da kai yana kallon fadama. Hannun Baba na kan kifin, bai zare ƙugiyar ba, bai kuma tura ta ruwa ba. Na ga leɓensa na motsi. Sai ya miƙa ɗaya hannun ya ɗauko wuƙar dattijon, ya juya ta, ya miƙo mini ta ƙota.

"Uwata, ni na yi wa ubana alkawari. Ke ba ki yi wa kowa ba."

Ni da ban taɓa kashe kifi mai rai ba, don a gidanmu sai ya mutu yake isowa hannun mata. Na durƙusa da siket ɗina a kan jiƙaƙƙen katako. Ya nuna mini wurin da yatsa, bayan kai, sannan ya juya baya yana kallon ruwa. Na yi bisimilla na yi. Santsi ya kai mini har gwiwar hannu. Dattijon ya buɗe kula ya sa ta a ƙanƙara, ya miƙo mini tsumma. Baba bai waiwayo ba sai da ya ji an rufe murfin.

Muka kama hanyar komawa. Takardar tikitin Laraba tana aljihun rigarsa, ina hango bakinta. Ban tambaye shi komai ba, don na san in na buɗe baki zan ɓata. Sai da muka tsaya a fitilar kwanar gidanmu ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Duba mini wayar nan," ya ce. "Asabar mai zuwa ƙarfe nawa ruwa zai cika?"