Layar da Aka Yi wa Rakiya

In dai ina da rai da hankali, ranar da matar ɗana ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe a jami'a ba za ta fita kaina ba. Waɗanda abin ya faru a gabansu ba su da yawa, kuma har yau ina ganinsu ɗaya bayan ɗaya: ni, da ita, da jaririyarta wadda ko arba'in ba ta yi ba, da wani dogon malami mai furfura a gemu wanda shi ne shugaban masu tsaron jarrabawar, da wata malama Kirista, 'yar kudu amma haifaffiyar nan ƙasar Kabi, sai mai gadin ƙofa da kulkinsa. Ɗaliban da suka cika ɗakin ban sa su ciki ba, don kowa kansa na ƙasa.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Wannan ma da kuke karantawa ni ke faɗa, ita matar ɗan nawa ke rubutawa, tana gyara mini Hausa ta koma irin ta littafi. Sana'ata noman shinkafa a fadamar Bagudo. Duk wanda ya yi tsaron tsuntsu kuwa ya san ba ranar shuka ake asarar gona ba, sai ta nuna ana shirin yanka.

Shekara huɗu yarinyar nan tana karatun koyarwa. Duk lokacin da ta tafi makaranta, ni ke daka, ni ke tuwo, ni ke jin baƙar maganar dangi. Sai ga shi jarrabawar ƙarshe ta faɗo daidai da haihuwarta ta fari. Ta riga ta rubuta sauran da tsohon ciki, takarda guda ta rage mata lokacin da naƙuda ta zo. Kamar yadda aka saba, gidan iyayenta aka kai ta wanka, a wani ƙauye gaba da Lolo, ƙetaren iyaka cikin ƙasar Benin, inda mu tsofaffi har yau muke ce wa Faransa, su kuma suna ce wa ɓangarenmu Ingila.

Ɗana ya yi mini bayani cewa dokar jami'a ta ce wanda bai zauna jarrabawar ƙarshe ba, sai baɗi. Ya faɗe shi a sauƙaƙe, kamar baɗi jibi ce. Ƙanen ubansa ma cewa ya yi, "Allah ya kawo ƙarshen yawon." Na dube su duka biyun. Na san baɗin mace. Kafin ta zo akwai goyo, akwai yaye, wataƙila akwai wani cikin, ga waɗanda dama suke jiran ta yi tuntuɓe su ce ta zauna. Na bar wa maƙwabciyata tsaron gona, na hau kabu-kabu na nufi iyaka.

Uwar matar ɗana ta karɓe ni da fura, amma da ta ji abin da ya kawo ni sai ta janye ƙwaryar gefe.

"Mi kika ce? Mai jego ta hita? Da ɗanyen jiki? Ku mutanen Ingila boko ya gama cinye muku hankali."

Na ce, "'Yar'uwa, ni da ko baƙi ban sani ba, boko ta ina zai ci ni? Wanka ne, ni zan yi mata. Tukunya zan ɗauka, da ganye, da kanwa. In ta rasa wanka ko sau guda, ki kira ni abin da kika ga dama."

Ta daɗe tana kallon jikarta. Matar nan ta binne 'ya'ya tun suna cikin zane kafin wannan ɗiyar tata ta tsaya, don haka ban ga laifinta ba. Can sai ta ɗaga wuyan rigar jaririyar, ta nuna mini wata 'yar laya ɗinke cikin tsohuwar fata, ta yi baƙi don daɗewa.

"Wagga ita na ɗaura wa uwarta tana jinjira, kuma ita kaɗai ta rayu. Da hannuna na ƙulla ta. Ki yi mini alkawari ba a kwance ta, ba a hidda ta, har ki maido mini su."

Na yi mata alkawari. Da na san abin da ke jirana da na yi jim kafin in buɗe baki, amma dai da na yi.

Mun sauka gidan wata 'yar ƙanwata kusa da jami'ar. Da asuba na hura wuta a bayan ɗaki, na tafasa ruwa, na yi wa mai jego wanka, na ɗura mata kunun kanwa tana cewa ya ishe ta, ina cewa ba ke za ki faɗa ba. Muka isa da wuri. Ta shayar da yarinya har ta yi barci, ta miƙo mini ita.

Kafin a shiga, dogon malamin ya tsaya bakin ƙofa ya karanto dokoki da Turanci. Na sa matar ɗana ta maimaita mini su da Hausa. Ba a shiga da waya, ba a shiga da jaka. Duk abin da ke da rubutu a jikinsa, a waje zai tsaya. Ba magana, ba ishara, ko da na waje ne. Wanda ya fita ba tare da ɗan rakiya ba, ya fita ke nan, takardarsa ta mutu. Gaskiya dokokin sun yi mini. Na ce a raina, ashe akwai inda ba a cewa ɗan wane ne. Malamar nan ta lalube matan ɗaya-ɗaya har cikin ɗankwali, aka rufe ƙofa.

Lokacin bazara ne, rana tun da hantsi take cizo. Na samu gindin darbejiya nesa da ɗakin, amma inda nake hango taga, don ni ba na zama inda ba na ganin gonata. Da farko lafiya lau. Ina hango kanta a sunkuye, hannunta na tafiya. Ba a kai rabin lokaci ba yarinya ta farka.

Na jijjiga, na goya, na sauke, na yi mata fifita da gefen mayafi. Ina! Kuka take kamar ana yanka ta, fuska ta yi jawur, ɗan bakin ya bushe. Mai gadi ya matso ya ce, "Inna, ki ba ta ruwa mana." Na ce, "Kai ka haife ta? An hana a asibiti, ban da nono ba ta shan komai." Na ƙara nisa har bayan wani gini, amma kukan jariri ba ya jin katanga. Da na leƙo, sai na ga abin da nake tsoro. Hannun uwar ya tsaya. Gaban hijabinta ya jiƙe. Ta dafa tebur, ta soma ɗagowa, idonta na kan ƙofa.

Na san in ta taka ƙofar nan ita kaɗai, shekara huɗu sun bi ruwa. Hannuna har ya tashi zai yi mata alamar ta zauna, sai na tuna an hana ishara, na danne shi da ɗayan. Na nufi mai gadi gadan-gadan.

"Kira mini babbanku."

"Inna, ba a..."

"Yaro, ko ka kira shi, ko in tsaya nan da wannan kukan har kowa ya faɗi."

Ya kira shi. Malamin ya fito da malamar, ya saurare ni bai katse ni ba. Ya ce doka ta san da mai shayarwa: za ta iya fitowa da rakiyar mace zuwa ɗan ɗakin da ke gefe. Amma agogo ba zai tsaya mata ba, ba wanda zai ce mata uffan, kuma sai an caje jaririyar. Ya aika malamar ta je ta raɗa mata ta dakata. Na ga ta koma ta zauna, na sauke numfashi.

Malamar ta dawo ta karɓi yarinya, ta warware zane, ta duba hula, ta duba nafkin. Sai yatsanta ya taɓo igiyar.

"Mama, mene ne a ciki?"

Da na ce sassaƙe ne, ba mai buɗewa ya gani. Na san haka, ita ma ta sani, don na ga yadda ta dube ni kamar tana roƙona in faɗi hakan. Amma ban tsufa da ƙarya ba, ba kuma zan sa jikata ta soma shan nono a kanta ba.

Na ce, "Rubutu ne."

Malamin ya shafa gemu. Ya ce, "Hajiya, na san ba amsar jarrabawa ce ba. Amma doka ba ta ce rubutun boko ba, rubutu ta ce. In na bar wannan ta wuce, gobe wani zai ɗinke nasa cikin fata, ba ni da bakin hana shi. Ki kwance ki riƙe, in ta gama sha ki mayar."

"Ba a kwance ta. Na yi alkawari."

"To ba za ta isa wurin uwar ba."

"Ni ma ban ce ka karya dokarka ba, Malam. In ka karya ta don ni, na raina ka."

Muka tsaya cirko-cirko, yarinya na tsala ihu tsakaninmu, muryarta har ta soma dishewa. Ba mugu ba ne, gumi ne ke zuba a goshinsa kamar nawa. Shi yana tsaron amanarsa, ni ina tsaron tawa, lokaci kuwa yana cin yarinyar mutane a ciki.

Allah ya taimake ni da abin da na saba gani a kan iyaka. Na ce, "Malam, a wurinmu in babbar mota ta zo da kayan da ba za a buɗe ba, ba a kuma yarda a taɓa su a hanya ba, ma'aikaci ake sa wa ya hau ya raka su har inda za su. Ku ba ku da irin wannan?"

Kafin ya amsa, malamar ta kamo layar, tana nan a wuyan yarinya, ta dunƙule ta cikin tafin hannunta har ba a ganin ko gefen fatar. Ta ce, "Yallaɓai, ni zan raka ta. Ba zan buɗe hannu ba sai na dawo da ita nan." Na ga ɗan gicciyen azurfa na lilo a nata wuyan. Ta ce mini, "Mama, ni ma uwata ce ta sa mini wannan."

Malamin ya ce, "Ba ta gani, ba ta taɓawa. Na yarda, kuma zan rubuta yadda aka yi. Amma ke Hajiya, ko tari kada ki yi mata."

Aka fito da mai jego. Nan ne wurin da ya fi ba ni tsoro, don tun da aka kawo yarinyar nan gidana ba ta taɓa wuce ni ba ta durƙusa ba. Tana ganina gwiwarta ta soma lanƙwashewa, bakinta ya buɗe zai ce "Inna". Ban jira ba. Na juya mata baya, na kafa goshina a bango kamar wadda aka yi wa horo. Na ji takunta ya yi jim, sannan ya wuce. Mai gadi ya tuntsire da dariya, ya ce bai taɓa ganin uwar miji na gudun gaisuwa ba. Na ce masa ta gefen baki, "Za ka ga abin da ya fi haka in ba ka kama bakinka ba."

Sai kukan ya ɗauke ɗif. Wallahi ban taɓa jin shiru mai daɗin wannan ba.

Daga baya na ji cewa malamar a durƙushe ta yi zaman, hannunta a maƙale ƙarƙashin haɓar jaririya har ya sage, ba ta saki ba. Ta dawo mini da ita tana barci, ta buɗe tafin a gabana da gaban malamin, shatin layar ya fito a fatarta. Uwar kuwa ta koma kujerarta. Ita ce ta ƙarshen ajiye alƙalami, daidai lokacin da aka ce kowa ya tsaya.

Da ta fito, ta zube a gabana ta gaishe ni, ta tashi, ta sake zubewa. Na ce, "Ta biyun fa?" Ta ce, "Ta ɗazu ce, Inna." Na ce, "Tashi, kina ɓata hijabi." Ban bari ta ga idona ba.

Ta ci jarrabawar. Yau tana koyarwa a garin Kende, kuma ƙanen uban mijinta da ya ce yawo take, shi ne ya fara kai mata jikokinsa. Jaririyar nan ta yi wayo, bakinta ya fi na kowa a gidan.

Abin da na koya a ranar shi ne, in amana biyu suka haɗu a ƙofa guda, ba dole sai an yanka ɗaya ba. Mai gaggawa ne ke cewa a karya doka ko a karya alkawari. In kowa ya tsaya kan gaskiyarsa bai yi wa ɗan'uwansa ƙarya ba, Allah na buɗe hanyar da duka biyun za su wuce.

Washegari da asuba na sake hura wuta, na yi wa mai jego wankanta, na ɗaure tukunyata, muka kama hanyar iyaka. Na tarar da uwarta zaune bakin zaure kamar tun ranar da muka tafi ba ta tashi ba. Ban gaishe ta ba sai da na ɗora mata jikarta a cinya, na ce, "Duba ƙullinki." Ta laluba igiyar, ta juya ƙullin, ta kai shi kusa da ido. Sannan ta jawo ƙwaryar fura ta tura mini gabana. Na shanye tas, na hau kabu-kabu na koma Bagudo, don tsuntsaye ba su san an yi jarrabawa ba.