Sunan Da Zuliha Ta Ƙi Faɗa

Zuliha 'yar Inusa mai gyaran rediyo ce, mutumin Gaffati da ya gaji da jiran ruwan sama ya zo ya kafa tebur a Kasuwar Dole. Tun tana ƙarama, abin da uban ya ɗaure da safe ita za ta kwance da rana, wai tana son ta ga inda mai maganar yake zaune. Ta yi lakwal, wato firamare, ta yi lise, wato sakandare, ta tafi Yamai karatun ordinatar, abin da wasu ke ce wa kwamfuta, ta dawo Damagaram da takardar shaida da dogon wuya, aiki kuwa babu. Sai ta kama rumfa a Sabon Gari tana gyaran salula da ordinatar. Mutanen unguwa suka sa mata suna Mai Fasa Waya, kuma ba da yabo suke faɗa ba.

Ni Hajara dillaliya ce. Na sayar da atamfa da kwalla da 'yan kunne gida gida har gwiwoyina suka yi yaji. Abin da ya rage mini shi ne sanin mutane, shi kuwa ba ya tsufa.

Akwai wani kilinik a garin nan, ba na gwamnati ba, inda nake kai hawan jinina a duba. Mai wurin likita ne, Lokotoro Umaru, mutum mai hannu a aiki, mai saurin fushi kamar wutar kara. Wata rana yana ɗaura mini abin awo a dantse, na ga shi ne ya fi ni buƙatar awon.

Na ce, "Lokotoro, wa ya mutu?"

Ya ce, "Ba wanda ya mutu, Iya. Wani abokina ne a wani gari aka shiga ordinatar ɗin kilinik ɗinsa daga waje, aka kwashe sirrin marasa lafiya. Wadda ke da ciki, wanda ke da ciwon da ba a faɗa, duk suna yawo a wayoyin mutane. Ina son wanda zai gwada fasa nawa da izinina, ya nuna mini ɓarakar kafin ɓarawo ya gani. Ke da kika san kowa, ba ki san irin wannan ba?"

Da wasa ya faɗa. Ni kuwa sai na tuna abin da ke rubuce a kaina cikin injin nan, na ce ya ba ni lokaci.

Ban san komai a kan ordinatar ba, amma na san yadda ake gwada mutum. Na ɗauki tsohuwar wayar jikata, na bi rumfunan masu gyara ina cewa ta surukina ce, na ɗauko yana wanka, ina son a buɗe mini in ga da wa yake magana. Na farko ko ɗaga kai bai yi ba ya miƙo hannu. Na biyu har kujera ya ba ni, ya ce in ina so zai sa duk saƙon da ya shigo ya riƙa zuwa mini. Na ce Allah ya yi albarka, na tashi.

Da na je wurin Zuliha ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta turo mini wayar da ɗan yatsa.

Ta ce, "Iya, ki mayar masa kafin ya fito daga wankan."

Na ce, "Ke 'yar nan, ba ki iya ba ne kawai."

Ta ce, "Na iya. Kafin ki gama gyara ɗankwalinki zan buɗe. Mai ita ne bai ce in buɗe ba."

Na ce, "Da furfurata za ki kore ni?"

Ta ce, "Furfurar ce ma ta sa ban kira surukin naki ba."

Washegari na kai ta wurin Lokotoro.

Ya zaci za ta zauna ta fara danne-danne. Sai ta ce ba ta taɓa komai sai a gaban shaidu, kamar cinikin gona. Takarda za su sa wa hannu, amma ta san garinmu: takarda tana ɓata, bakin dattijo kuwa yana nan. Aka kira yayan Lokotoro, Malam Isma'ila, ni kuma na zama ta biyu. Ta ce Lokotoro ya faɗa da bakinsa ya yarda ta fasa. Ya faɗa. Ta ce saura sharaɗi ɗaya: in ta hanyar wani ma'aikaci ta samu shiga, za ta faɗi yadda aka yi, ba za ta faɗi ko wane ne ba.

Lokotoro ya yi dariya ya ce, "Mutanena? Ai ko wuƙa aka sa musu ba su magana. Na yarda." Ya ƙara da cewa in aikin ya yi kyau, ita zai ba kontira, wato kwangilar kula da injunan duk shekara. Malam Isma'ila ya yi fatiha muka shafa. Na ga idon yarinyar ya yi haske da jin kontirar nan, don rumfar ba ta ciyar da ita da uban da idonsa ya fara mutuwa.

Ta yi kwanaki tana gwada wurin daga rumfarta. Ta sami 'yan ƙananan ramuka, amma ta ce ginin ba laifi, wanda ya kafa injunan ya san aikinsa. Sai wata safiya ta zo gidana.

Ta ce, "Iya, muryarki nake son aro."

Na ce, "Ta waƙa ko ta zagi? Ta waƙar ta mutu."

Ta bayyana mini. Mutum huɗu ne suka san kod, wato lambar sirrin shiga injin kilinik. Ranar Lokotoro ya tafi ta'aziyya Zermu. Ta ba ni wata waya, ta ce in kira biro, wato ofishin kilinik ɗin, in nemi kod, kada in faɗi suna, in yi dai irin yadda tsofaffi ke yi.

Wanda ya ɗauka Hamisu ne, sakataren wurin, dattijo mai iyali da yawa, mai ladabin da ko akuya ya taka sai ya ba ta haƙuri. Yanzu ya yi ritaya, shi da kansa yake ba da labarin a majalisa, shi ya sa na kama sunansa.

Na yi sallama, na tambayi gida, na tambayi yara, na tambayi gajiya. Na ji yana amsawa yana lalube. Sai na ce, "Au, ba ka ma gane muryata ba ko? Haka ne, an zama manya."

Ya ce, "Haba Hajiya! Na gane mana. Ina kwana, ya ƙarfin jiki?"

Bai gane komai ba. Amma a garin nan gara mutum ya faɗa rijiya da ya ce wa tsohuwa wace ce ke magana. Na ce ga mu a Zermu wurin makoki, wayar Umaru ta mutu, yana can cikin maza, ya ce a karanto mini kod ɗin nan yanzu, akwai sakamakon wata mara lafiya da zai duba. Na kira Lokotoro da sunansa tsirara, yadda gwaggo kaɗai ke yi. Hamisu ya karanto mini, har ya maimaita don kada in yi kuskure, ya ce in gaida masu makoki.

Zuliha ta shiga, ta ajiye kalmar sallama a fuskar injin don shaida, ba ta buɗe takardar kowa ba, ta fita.

Da Lokotoro ya dawo ya gani, ya tara mu a biro, jijiyar wuyansa kamar igiyar guga. Ta faɗa masa yadda aka yi tiryan-tiryan.

Ya ce, "Wane ne?"

Ta ce, "Mun yi magana a kan wannan."

Ya ce, "Yau zai bar mini wurina. Sirrin mutane ne a hannuna, ba gyaɗa ba!"

Ta ce, "In ka kore shi, wanda za ka ɗauka ma a garin nan aka haife shi. Shi ma ba zai tambayi tsohuwa sunanta ba."

Ya ce, "To ki zaɓa. Suna, ko kontira."

Ya juyo gare ni. Na ce, "Kada ka dube ni, ni shaida ce, kuma kunnena ya yi nauyi, duk muryoyin maza ɗaya nake jin su." Malam Isma'ila ya ce, "Umaru, da bakinka ka ce ka yarda, ni na yi fatihar." Ta taga ina hango Hamisu yana jera takardu.

Zuliha ta ce a bar kontirar. Amma ta ce aikin da aka ɗauke ta bai ƙare ba, sai ta toshe ramin. Ta raba wa kowa kod nasa, ta sa injin ya riƙa neman tabbaci ta wayar mai shiga. Sannan ta ce Lokotoro ya tsaya gaban ma'aikatansa ya faɗa musu cewa ko shi ne ya kira, ko uwarsa, ana neman kod, a hana, a ce Lokotoro ne ya hana. Ta ce mutanenmu ba su iya cewa a'a da bakinsu, amma sun iya cewa an hana su. Ya faɗa yana cije haƙora.

Ya sallame ta kan aikin da ta yi, kontirar kuwa ya ba wasu daga Yamai. Bai kori kowa ba, don ba zai kori huɗu saboda ɗaya ba, ga kuma yayansa zaune. Zuliha tana nan a rumfarta. Wani lokaci masu farmasi da masu makarantu suna kiranta, wani lokaci sai gyaran salula. Har yanzu ana ce mata Mai Fasa Waya. Na ce mata taurin kanta na uban ne, ta ce ai ni na je na nemo ta.

Bayan wannan da 'yan watanni na kira kilinik ɗin in tambayi ranar awona. Hamisu ya ɗauka. Na yi gaisuwa, na ce, "Ba ka gane muryata ba?"

Ya ce, "Iya, ki gafarce ni don Allah. Wace ce ke magana? Lokotoro ne ya ce a riƙa tambaya."

Na ce, "Mara kunya." Na faɗa masa sunana.