Kofin Shayin da Ya Tsare Mana Kambo

Kullum da gari ya waye har mutum yana iya ganin inda yake takawa, Baba Abdulmuttalib yakan ɗauki sandarsa ta bagaruwa, ya jefa ƙaramin kofin shayi na gilashi a aljihun jallabiya, ya hau gaɓar tur'a. Tur'a ita ce babbar magudanar da ke kawo ruwan noma gonakin yankinmu, yamma da Managil, shi kuwa gafir ne, wato mai gadinta. Tafiyar zuwa a saman gaɓa yake yin ta. Ta dawowa kuwa a gindinta yake bi, ta wajen gari, yana sunkuyawa yana taɓa ƙasa, yana caka sanda, yana leƙa ramin ɓera. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan kai da komo. A watan jiya aka sallame shi daga aiki saboda tsufa, kuma wallahi ko shayi ba a dafa masa ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni Muhsina ce, malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Managil, haifaffiyar Kambon Barka. Wanda bai san kambo ba, ƙauyen 'yan ƙwadago ne. Kakanninmu sun zo cirar auduga, aka bar su suka kafa bukkoki a siririn filin da ke gindin tur'a, inda babu mai son nomawa. Har yau ba mu da takardar ko taku ɗaya. Idan tur'a ta cika, saman ruwanta ya fi ƙofofin ɗakunanmu tsayi, ɗakunan kuwa duk na laka ne. Kowa a garin ya san cewa ranar da gaɓar nan ta fashe, ɗakuna za su narke, kuma masu gonakin da suka daɗe suna son a tashe mu ba za su bari mu sake aza tubali ba.

Muna yara Mai Kofi muke ce masa, muna yi masa dariya. Mutum ne da zai kore ka da sanda idan ka yanki ciyawar kiri-kirin da ke jikin gaɓa, amma ya ga tsiron bagaruwa ya tumɓuke shi ba tausayi. Da na girma na tambaye shi dalili. Ya ce saiwar ciyawa siririya ce, tana saƙa fatar ƙasa ta riƙe ta. Saiwar itace kuwa ratsa gaɓa take yi har ɗaya gefen, ranar da aka sare itacen ta ruɓe, ta bar wa ruwa hanya. Ya ce baƙar ƙasarmu da rani tsagewa take har hannu ya shige, da ta sha ruwa kuma sai ta kumbura ta rufe bakinta, saboda haka ruwan farko a hankali ake sakar mata. Shi ne kuma ya fara gaya mini cewa ruwa ba da faɗinsa yake turi ba, da zurfinsa yake yi. Bayan shekaru na tarar da wannan magana a littafi, an yi mata ado da haruffa da lambobi, har na ci jarrabawa da ita. Shi ko sunansa da ƙyar yake rubutawa.

Abin da nake son ba da labari ya faru ne wata Juma'a cikin Agusta na 2007. An yi kwana huɗu ana ruwan sama, tur'a ta cika fal, ni kuma na zo gida hutun mako. Da hantsi ina wanke-wanke sai na ji motsi a bayan ɗakin mahaifiyata, Inna Asabe, wanda shi ne ɗaki na farko daga gaɓa. Na leƙa, sai ga Baba a tsugune cikin wani rami a gindin gaɓar. Ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙasa, faɗinsa bai wuce bakin ƙwarya ba. Ya ɗebo a kofinsa, ya ɗaga sama wajen rana, yana jira ruwan ya kwanta. Na ga laka ta kwanta a gindin kofin, kaurin yatsa biyu.

Ya ce, "Ustaza, kira mani maza. Da sauri, amma kada ki yi kururuwa."

Na ce, "Baba, ai kullum gaɓar nan tana tsatsa."

"In ruwa ya fito garau, wucewa kawai ya yi. Wanga ya fito da ƙasa. Tur'a na cin cikinta."

Na ruga na kira su. Kafin a jima mutane sun cika wurin, wasu ma da fararen kayan masallaci. Salih, shugaban kwamitin gari, ya iso yana haki, ya duba sau ɗaya ya ce a kawo laka da duwatsu a toshe, a tattake. Maza har sun fara ɗibar laka da hannu. Baba ya miƙe ya tsaya a kan ɓulɓular da ƙafafunsa biyu.

Ya ce, "Ba mai toshe ta."

Salih ya ce, "Haba Baba Muttalib, ruwa na fita kana cewa a bar shi? 'Ya'yanmu na cikin ɗakunan nan fa."

"Salih, in kun toshe nan, ruwan ba shi komawa gida. Wata ƙofa za shi nema, ni kuwa ban san inda za ta buɗe ba. Wagga na san ta. Ɗaki za mu gina mata, mu kewaye ta da buhuna, ruwan ya taru ciki ya yi tsayi. Nauyin na sama shi za ya danne na ƙasa, ya rage mashi gudu har ya daina ɗaukar laka."

Wani daga baya ya ce tsohon nan ya fara ruɗewa. Ni kaina, da duk karatuna, sai a lokacin na gane cewa darasin zurfin ruwa da nake koyarwa da gwangwani mai huda uku shi ne wannan. Na ce wa Salih maganar Baba daidai ce. Ya harare ni, ya dubi ruwan, ya ce, "Halas, shi ke nan. In gari ya tafi, ku biyu za ku amsa."

Baba ya tura Jibirin mai babur zuwa babbar ƙofar ruwa, tafiyar sa'a guda cikin taɓo, ya roƙi a rage ruwan. Shi kuma Baba ya sauko da duk waɗanda suka hau saman gaɓa kallo, ya ce nauyinsu kaɗai ya isa ya ƙarasa ta. A can saman akwai wata tsaga da ta bi tsawon gaɓar. Ya kafa kara biyu, ɗaya kowane gefe, kawunansu suna taɓa juna, ya ce da ni in riƙa dubawa, idan suka rabu har yatsa ya shiga, in faɗa masa a kunne. Aka kai tsofaffi da yara tudun makaranta. Inna ta ƙi tafiya. Ta zauna a ƙofar ɗakinta ta ce a nan ta haife mu, a nan aka yi wa mahaifinmu wankan gawa, ba inda za ta je.

Aka fara cika buhuna da ƙasa ana jerawa kewaye da ɓulɓular, amma suka ƙare tun layi na biyu. Mata suka shimfiɗa tabarmi suka juye dawarsu a kai, abincin da ake lallaɓawa har kaka, suka miƙo buhunan. Da waɗannan suka ƙare aka koma rigunan matashi, har da jallabiyar da aka ɗaure wa wuya da hannuwa aka cika da ƙasa. Da'irar ta kai gwiwa. Baba ya ɗebo ruwa daga bakin da ya bari yana malala, ya ɗaga, laka ce. Ta kai cinya, ya sake ɗebowa, laka ce har yanzu. Zubarwa kawai yake yi ya ce a ƙara layi. Aka kira sallah, maza suka yi ta kashi-kashi, ƙafafu duk taɓo.

Na hau na duba karan nan karo na biyar, na tarar sun rabu, ɗan yatsana ya shige tsakaninsu. Na sauko na raɗa wa Baba. Bai ko ɗago ba, ya ce, "Na ji. Kada ki gaya ma kowa tukuna, in suka watse an gama." Jibirin ya dawo ya ce an rage ƙofa, amma ruwan ba zai sauka a wajenmu ba sai yamma. Daidai nan buhunan gefe ɗaya suka fara zamewa. Baba, mai shekara sittin da wani abu, ya zauna cikin taɓo ya tokare su da bayansa, ya ce a jera wasu a kansa da gefensa. Haka ya zauna har aka ɗaure wurin, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Da da'irar ta kai ƙugu, ruwan ciki ya daina tafasa, ya koma motsi a hankali. Baba ya miƙa hannu ya ɗebo, ya ɗaga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa wa Salih.

"Mi ka gani?"

Salih ya juya kofin, ya ce, "Ina ganin yatsuna ta ciki."

Na koma kan karan, ba su ƙara rabuwa ba. Kafin la'asar sakaliya ruwan tur'a ya sauka da kamu guda. Ba ɗaki ko ɗaya da ya faɗi.

Baba Abdulmuttalib, kai ne ka tsaya kan ɓulɓula gari guda yana ce maka ka kauce. Kai ne ka san nauyin ruwa da bayanka, mu muka san shi a allo. Mai Kofi, mun yi maka dariya muna yara, ka bar mana ɗakunan da muka girma a ciki. Amma akwai abin da ka yi washegari wanda ya fi wannan nauyi a wurina, kuma shekara bakwai ina ɓoye shi.

Kafin kowace damina matan kambo sukan yaɓe bango da laka da kashin shanu, don kada ruwan sama ya cinye shi. Masu gonaki sun hana mu ɗibar ƙasa a gonakinsu, saboda haka mata sukan saci jiki su haƙa a gindin gaɓa. Ramin da ruwan ya ɓullo a cikinsa, ni da Inna muka haƙa shi a watan Mayu, daro goma sha ɗaya. Mun cire wa gaɓa nauyin da ke danne ƙafarta, ba mu sani ba. Washegari aka taru a ƙofar masallaci, Salih ya ce sai an fito da wanda ya yi ramin, a kore shi daga kambo kafin masu gonaki su kore mu duka. Ƙasar gaɓa ba ta ɓuya, domin yasar tur'a ce, cike take da ƙananan ɓawon katantanwa. Bangonmu kuwa ga shi nan yana fuskantar taron, fari-fari da su. Na ga Baba ya dube shi. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Ya ce, "Wanda ya haƙa, ruwan sama yake gudu. Ku nema ma mata inda za su ɗebi ƙasa, ku bar neman wanda za ku kora."

Shi da kansa ya nuna wani tsohon tulin yasa a ƙarshen tur'a, inda ɗiba ba ta cutar da kowa. Ya kwana tara yana cike raminmu, yana zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, yana zagaya jakinsa a kai don kofato ya danne ta.

Makon jiya na je gaishe shi. Idonsa ya yi hazo, ko an ɗaga masa kofi ba zai bambance laka da garau ba. Na durƙusa na ce, "Baba, mu ne muka haƙa ramin nan."

Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Tun watan da kuka yaɓe bangon na gani. Na ji nauyin in yi ma matar da mijinta ya rasu faɗa kan ƙasa, na yi shiru. Laifin nan da nawa ciki, shi ya sa ban ga wanda zan nuna ba."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ya lalubo kofin daga aljihu ya sa mini a hannu, ya ce ba a naɗa kowa a madadinsa ba.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma mutanen Kambon Barka, da duk wanda ɗakinsa yake ƙasa da ruwa, ku je ku zauna gabansa tun yana iya magana, ku koyi abin da ya sani. Juma'ar da ta wuce na bi gindin gaɓa da kofinsa, na ƙirga sababbin ramuka biyu, damina kuwa saura wata biyu. Ni Juma'a kaɗai nake gida, Inna kuma har yanzu a ɗaki na farko take kwana. Sauran kwana shida suna jiran wanda zai zo ya karɓi kofin.