Yadda Goggo Tsawa Ta Mayar da Baba Sanyi Kan Dandamali

Tun kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, maƙwabta ke jin ƙarar buɗe gwangwanin fenti daga ɗakin da ke bayan gidanta. A da ɗakin na ajiyar tarkace ne. Yanzu tsofaffin zannuwa ne shimfiɗe a ƙasa, burusai tsaye cikin kwalaben man shafawa, ga allunan zane jingine da bango, wasu sun bushe, wasu in ka taɓa ka ɗauki rabonka a riga. Shayinta kan huce a gefe, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ta tsoma burushi a cikinsa. In rana ta ɗaga sai ta wanke hannu, irin wankin da bai taɓa fitar da shuɗin da ke ƙarƙashin farcenta ba, ta zauna ta ɗan yi rubutu, sannan ta yafa mayafi ta nufi wajen ɗaukar shiri.

Duniya ta san ta da Goggo Tsawa, sunan da ta samo a wasan kwaikwayo na talabijin ya bi ta har gida, jikokinta ma da shi suke kiran ta. Shekara da shekaru ita ce masifaffiyar mata, ita ce mai gidan haya marar mutunci, ita ce maƙwabciyar da ke ƙirga kajin mutane. Ba a taɓa ba ta fitowar tauraruwa ba. Sunanta kan fito can ƙarshen shiri, lokacin da masu kallo sun riga sun miƙe. Ladanta a wajen jama'a kuwa harara ce. Wata mai tumatir ta taɓa janye tirenta a kasuwa, ta ce, "Baiwar Allah, ke ba kya jin tsoron haƙƙi? Me bawan Allahn nan ya yi miki?" Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta koma gida ba tumatir, tana gaya wa kowa cewa ranar aka fi yaba aikinta.

Bawan Allahn da ake nufi shi ne Baba Sanyi, dattijon da ke fitowa a mijinta, mai haƙurin da ko an zuba masa ruwa a ka sai ya yi godiya. A bayan kyamara Yaya take ce masa, kuma ba ta zama sai ya zauna. Kaɗan ne suka san cewa yawancin maganganun da ke sa mutane dariya a shirin ita ke rubuta su, haka bangon ɗakin da ake gani a bayansu ita ta zana shi. Waɗanda suka san inda zanen da take sayarwa ke ƙarewa ma sun fi haka ƙaranci. Akwai wata cibiya ta masu shanyewar ɓarin jiki, can take kai abin da ta samu, can kuma take yini guda kowane mako, tana fentin bango tana tsokanar marasa lafiya har su manta su ɗaga hannun da suka ce ba ya ɗaguwa.

Sai ga ciwon da ta saba gani a jikin baƙi ya faɗa wa Baba Sanyi. Ɓarin jikinsa na hagu ya saki, baki ya karkace, magana ta koma sai da ƙyar. Mutumin da ya yi rayuwarsa a gaban jama'a ya dawo daga asibiti ya kwanta, ya juya fuska bango. Masu dubiya na shigowa da sannu da tagumi, shi kuwa sai ya ja bargo ya rufe kai.

Matarsa ce ta tare Goggo a tsakar gida, idanunta sun yi ja. "Goggo, ya ƙi motsawa. Likita ta ce in bai riƙa taka ƙafar nan ba za ta sandare, shi ke nan kuma. Na roƙe shi, yara sun roƙe shi. Kunyar a gan shi haka ce ke cin sa."

Goggo ta leƙa ɗakin, ta ga bayansa, ta ga yadda ya zube. Ta koma bakin famfo ta wanke fuska, ta tsaya har numfashinta ya daidaita. Da ta sake shiga, da muryar talabijin ta shiga.

"Yaya, kwanciya ka samu ke nan? An bar ni ina masifa ni kaɗai kamar mahaukaciya, ba mai amsawa."

Bai juyo ba. Ta ja kujera ta zauna.

"Na rubuta wasa, na dandamali. Akwai wani tsoho mai gyaran rediyo a ciki, daga farko har ƙarshe ba ya cewa uffan, don matarsa ba ta barin sa ya yi magana. Ka san wace ce matar. Aikinka ɗaya ne: a ƙarshe ka gaji, ka miƙe, ka ratsa ɗaki, ka buɗe ƙofa ka yi tafiyarka. Na duba duk garin nan, ba wanda ya iya shiru irin naka."

Kafaɗarsa ta motsa, ba ta san dariya ce ko kuka ba. Ya girgiza kai. Ta ce to, ta tafi. Washegari ta dawo, ta karanta masa nata ɓangaren da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Ta yi ta dawowa, tana yin kunnen uwar shegu da girgiza kansa, har ranar da ya ɗaga hannun dama ya nuna mata cewa ta yi saurin wata magana, ba haka ake faɗin ta ba. Daga ranar ya yarda a kai shi cibiyar.

A can ta yi aikin da ba wanda ya sa ta. Likitar gashin ƙashi na koya masa tafiya, ita kuma tana zaune gefe tana kallon hannunsa na dama, inda yake laluben abin dafawa duk lokacin da ƙafar ta yi masa nauyi. Da ta haddace tafiyarsa sai ta kira kafinta. A wasan dandamali yawanci komai na yaudarar ido ne, taga zane ce, kabad kwali ne. Ita kuwa ta sa aka yi tebur mai nauyi aka kafe shi da ƙusa, aka yi dakalin taga na katako na gaske, aka girke kabad, kowanne daidai inda hannun zai nema. Sannan ta bi su da fenti, suka saje da sauran zanen, mai kallo ba zai ga komai ba sai ɗakin talaka da kaya suka yi masa yawa. Wuri ɗaya ne ya gagare ta, tsakanin taga da ƙofa, domin dole a bar wa ƙofar filin buɗewa.

Daraktan wasan, wanda ta girme shi nesa ba kusa ba, ya ja ta gefe. "Goggo, in ya faɗi a gaban mutane fa? Mun kashe shi da ransa. Ba zai ƙara fitowa ko ƙofar gida ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta sani. Tsoron nan ya daɗe yana hana ta cin abinci. Ta ce, "In ya faɗi, ni na jawo masa. Amma ɗan nan, in muka bar shi a ɗakin can, ai ya riga ya faɗi."

An shirya wasan ne don tallafa wa cibiyar, kuma Goggo ta sanar cewa shi ne na sallamarta, domin baya ya fara yi mata gardama. Ranar wasan, zauren da aka karɓa ya cika da yamma. Ta yi masifa ranar kamar an aiko ta, shi kuma yana zaune da tsohuwar rediyo a cinya, yana ɗaga gira ɗaya, mutane na faɗuwa don dariya. Da lokaci ya yi ya dafa tebur ya miƙe. Ya kai kabad, ya kai taga. Ya saki dakalin ya shiga filin nan da ba abin kamawa, sai ƙafar hagu ta maƙale.

Goggo ta gani tun daga kafaɗarsa, kafin shi kansa ya sani. Ta yi tsalle ɗaya ta ci kwalarsa da hannu biyu.

"Ina za ka? Wa ya ce maka na gama magana?"

Babu wannan a rubutun. Zauren ya kece da dariya. Nauyinsa gaba ɗaya ya sauka a hannunta, bayanta ya amsa, amma ba ta saki ba. Ta ci gaba da zazzaga masa, ta tono laifinsa na bara da na bara waccan, tana jijjiga rigar kamar mai faɗa alhali tana daidaita shi ne. A tsakanin zagi biyu ta rage murya ta ce, "Taka, Yaya, ina riƙe da kai." Ya taka. Da ta ji ƙafar ta zauna sai ta sake shi, ta kaɗe hannu ta ce ya je, ta ga wanda zai dafa masa abinci. Ya kama ƙofa, ya buɗe, ya fita da ƙafarsa. Jama'a suka miƙe suna tafi, suna murna an rabu da masifa. A duk zauren matarsa ce kaɗai ba ta yi dariya ba, tana layin gaba ta toshe baki da mayafi.

A bayan labule an zaunar da shi, gumi ya jiƙa rigar, kwalar ta yage. Goggo ta durƙusa gabansa. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, sannan maganar ta fito a rarrabe.

"Gobe... yaushe... za mu fara?"

Babu wani wasa gobe. Zauren na yini ɗaya aka karɓa, ita kuma ta riga ta yi sallama da jama'a. Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Da yamma. Ka makara ka gani." Darakta ya buɗe baki zai yi bayani, ta kalle shi ta ce, "Sai ka nemo mana wuri." Har yau suna zagayawa da wasan, daga wannan cibiya zuwa waccan, kafinta na biye da teburinsa da ƙusoshinsa.

Goggo, ke ce mai tsawar da ba ta taɓa firgita na kusa da ita ba. Ke ce kika yarda a tsane ki a allo don wasu su yi dariya, kika rubuta aka yaba wa wasu, kika zana aka kalli waɗanda ke tsaye gaban zanen. Mun gode, kuma muna jin kunyar daɗewar da muka yi ba mu faɗa ba. Allah ya ƙara wa bayan nan lafiya, ya saka miki da mafificin alheri.

Mu kuma da muke karatu, da wuya a rasa wani namu da ciwo ko tsufa ya kwantar, muna shiga muna yi masa sannu muna fita. Sannu tana da kyau, amma ba ta tayar da mutum. Mu yi irin na Goggo: mu nemo masa aikin da ba mai iya yi sai shi, mu gaya masa ana jiran sa, sannan mu tsaya kusa, inda hannunmu zai kai gare shi.